Sai Mun Isa Gida

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yaran. Ya ciwon bayan? Kina shafa maganin da na aiko, ko yana nan cikin kwalinsa a kan keken ɗinki? Mu nan lafiya lau, sai gajiya. Yau kwana shida ke nan a jere ina asibiti, ƙafafuna sun kumbura har takalmin aiki ya fara matse ni. Baban su Aku yana gaishe ki. Shi ma sai ran Lahadi nake ganinsa ido biyu.

A takarda na rubuta, zan ɗauki hotonta in turo miki, don in na kira waya Aku ce ke ƙwacewa, maganar nan kuwa ba ta kunnenta ba ce.

Yaya, takardun yaran sun fito, bayan shekara uku. Sai dai an ba su wa'adi. Dole su shigo kafin wata biyu su cika, in ba haka ba a koma farko. Fasfona yana ofis ana sabunta min izinin zama, na Babansu ma haka, ba mai iya fita a cikinmu. Ke za ki kawo min su. Na san ba ki taɓa shiga jirgi ba, na kuma san abin da za ki ce, ki faɗa ki gama sannan ki fara shiri.

Jirgi biyu za ku hau, da zangon awa biyar a tsakani. Ki riƙe alewa a jakar hannu, su riƙa tsotsa lokacin tashi da sauka saboda kunne. Ki sa kayan canji na kowa, har da naki. Kar ki ɗauki ruwa, karɓewa za su yi a wurin bincike. Takardar izinin da muka sa wa hannu ni da Babansu ta ce ke yayata ce, za ki kai yaran wurin iyayensu. Kar ta bar jikinki.

Sai abu ɗaya. Dunƙule ba ya buɗe baki gaban baƙo, ba ni da damuwa da shi. Aku ce matsala, ba a banza muka sa mata sunan ba. Saboda masu tambaya a filin jirgi, don Allah ki koya mata ta daina ce miki Umma, ta koma ce miki Inna. Ai ba ke ce uwarta ba

Ki gaishe su. An kira ni ɗakin marasa lafiya.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Na gaishe ki. Muna lafiya. Bayan yana nan yadda kika san shi, maganin na shafa, wari ne kawai ya ƙaru a ɗakin. Dunƙule ya yi mura ya warke. Haƙorin Aku na gaba ya fara girgiɗi, tana yini tana taɓa shi da harshe.

Kin ga na yi mako uku ban amsa ba. Ba biro na rasa ba.

Na san ba ni na haife ta ba, Auta. Ba sai an rubuto min daga nesa ba. Ina wurin ranar da aka haife ta, hannuna kika riƙe har sai da farcenki ya bar min tabo. Ranar da kika ajiye min su, ita tana shekara biyu, shi ko tsayuwa bai fara ba, ban ce ta kira ni komai ba. Wata huɗu ta yi ba ta kira ni da kowane suna ba, sai dai ta ja min gefen zani. Ranar da ƙyanda ta kwantar da ita, jikinta kamar garwashi, ita ta buɗe baki da kanta ta ce Umma. Ni kuma na amsa, domin babu wata a ɗakin. In laifi ne, to wannan ne laifin.

Zan kawo su. Na je an ɗauki hoton yatsuna, an ba ni izinin mako biyu. Na sallami ɗinkunan mutane, wanda bai samu nasa ba ya yi haƙuri. Mai gyaran agogo na kusa da shagona ya taɓa shiga jirgi sau ɗaya shekara goma sha biyar da suka wuce, yanzu ya zama malamina, kullum da sabon karatu. Jiya cewa ya yi kar in ci komai tun ana gobe tafiya. Shekaranjiya kuma ya ce in ci in ƙoshi.

Akwati biyu na cika na zazzage sau uku. Yaran da suka zo min da jaka ɗaya, yanzu ban san ta inda zan fara rage musu kaya ba. Aku ta ce sai an sa mata akwatin maɓallai da take wasa da su a ƙarƙashin tebur.

Maganar suna kuwa ban fara ba. Na buɗe baki sau biyu, na rufe.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙin bayan. Ni ma yau kaina ke sarawa, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta wannan.

Wallahi da na karanta wasiƙarki sai da na zauna a kan matakala. Na koma na buɗe hoton da na turo miki. Yaya, babban yatsana ne ya rufe ƙarshen layin. Abin da na rubuta shi ne, “Ai ba ke ce uwarta ba a takarda.” A takarda, Yaya. Ga ta nan na sake ɗauka, na shimfiɗa ta a kan tebur, ki duba da idonki. Mako uku kina ɗauke da wannan a ranki, ni kuma ina nan ina zaton hidimar shiri ce ta hana ki amsawa.

Ba don son raina na roƙa ba. Wata abokiyar aikina mahaifiyarta ce ta kawo mata ɗanta. Jami'in shige da fice ya sunkuya ya tambayi yaron wace ce wannan, yaron ya ce Mama. Takarda kuma ta ce kaka. Awa bakwai suka yi a wani ɗaki ana buga wayoyi, jirgi ya tafi ya bar su. In haka ta same ku wa'adin ya cika, ban san shekara nawa zan ƙara jira ba.

Kuma tunda an zo wurin, bari in faɗa. Ni Umman Waya take ce min. Kin taɓa jin na yi ƙorafi? Na yi, amma a banɗakin asibiti, famfo a buɗe. Ba na jin haushinki. Abin da ban iya yi ba ke kika yi. Na gaji ne kawai.

Saura mako huɗu. Ki taimake ni.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya, da fatan kan ya sauka. Haƙorin Aku ya fita, tana yawo da shi a kwalin ashana.

Na ga takardar. Yatsan naki ya iya zaɓen wurin zama. Magana ta wuce, Allah ya yafe mu baki ɗaya.

Na fara gaya mata kai tsaye. Na ce daga yau Inna za ki riƙa ce min. Ta ajiye cokali ta dube ni ta ce, “Laifin me na yi?” Ban sake bi ta nan ba.

Sai na mayar da abin wasa, kin san 'yarki gara ta kwana da yunwa da a ce an cinye ta. Sunansa wasan filin jirgi. Teburin yanka ya zama teburin jami'i. Mai gyaran agogo ya sauke tabarau kan hanci, ya haɗe rai, yana buga hatimi da murfin kwalba. Mu kuma mu yi layi da jakunkuna, Dunƙule a bayana. Ya ce, “Yarinya, wace ce wannan?” Ta ce, “Innata ce, yayar Ummata.” Ya ce, “Ina Umman?” Ta ce, “Tana can tana jiranmu.” Ya buga hatimi mu wuce, mu zaga ta bayan keke mu sake dawowa. Jiya sau tara muka isa ƙasarku kafin azahar.

Dokar wasan ɗaya ce: duk wanda ya kira wani Umma ya faɗi. Ta tambaye ni yaushe ake farawa da gaske, na ce ranar da muka kulle ƙofa. Ta ce yaushe ake tashi? Ina tsakiyar zare allura, na ce sai mun isa gida.

Ta iya sarai. Ni ce dai har yanzu in ta ce Inna sai in waiga in ga da wa take.

Sai mun zo. Ki tsaya inda za mu gan ki.

Yayarki

*

Auta,

Na sauka lafiya, yau kwana huɗu. Kumburin ƙafafuna ya saɓe. Ya yaran, ya sanyin garin? A riƙa sa wa Dunƙule safa ko yana ihu.

Mako biyun da na yi a gidanki ba mu zauna ba. Ki dawo in ga idonki ya faɗa, ki ce ya hanya ta kasance, in ce lafiya lau. To ga hanyar, yanzu da na sami wurin zama.

A filin farko layi uku muka bi. Dunƙule ya yi barci a bayana daidai lokacin da muka iso wurin bincike, suka ce sai na sauke shi, a sa zanin goyon a cikin na'ura. Na roƙa, ba su ji ba. Ya farka ya ga wani yana shafa masa sanda a jiki, ya tsala ihun da har yanzu yana kunnena. Ina fama da shi aka ciro ƙaramin almakashina daga jakar hannu. Na manta yana ciki, shekara ashirin yana zaune a wannan aljihun. Suka jefa shi a wani bokiti tare da kwalaben ruwan mutane. Na wuce, hannuwana biyu duk a cike.

A jirgi alewar ta yi wa Aku aiki. Dunƙule ya tofar da tasa, ya riƙe kunne yana kuka, daga baya ya amayar min da duk abin da ya ci a cinya. Allah ya yi miki albarka da maganar kayan canji. Banɗakin kuwa ko kabad ɗin zarena ya fi shi faɗi, mu uku muka shiga. Da na danna abin ruwa ya yi wata ƙara kamar zai haɗiye mu, Aku ta rantse ba za ta sake shiga ba, ta riƙe fitsari har muka sauka. Mutumin da ke gabanmu ya waiwayo sau goma sha ɗaya. Aku ce ta ƙirga.

Zangon awa biyar ya zama takwas. Aka sauya mana ƙofa sau biyu, ni ba na jin abin da lasifika ke faɗa, sai dai in ga mutanen da muke zaune tare sun miƙe in bi su. Jaka a kafaɗa, jaka a hannu, yaro a baya, takardarki a cikin riga ta jiƙe da gumi. A wurin matakalar nan mai tafiya da kanta Aku ta saki hannuna, ta yi tuntuɓe a ƙarshe ta fasa haɓa. Wannan ne tabon da na ce miki gefen kujera ne. Ta ɗago, jini yana zuba a rigarta, ta miƙo min hannu biyu. Na ga bakinta ya haɗu zai faɗi kalmar. Sai ta cije, ta haɗiye, ta ce, “Inna, ciwo.” Auta, na ɗauke ta, amma da za a ba ni zaɓi a lokacin, gara jirgin ya tafi ya bar mu.

Abin da ban gaya miki ba shi ne, ba wanda ya tambaye ta. Tebur huɗu muka wuce, ko ɗaya. Su duba takarda, su dube mu, su buga hatimi. A na ƙarshe, da ta ga za a sallame mu, ta yi ɗage ta kama bakin teburin ta ce wa mutumin, “Wannan Innata ce, yayar Ummata.” Ba ya jin yarenmu. Ya yi mata murmushi ya kira na baya.

Dawowa ba wuya. Ba mai amai, ba mai kuka. Na riƙa laluben hannu a gefena duk inda aka ce a miƙe. Ma'aikaciyar jirgi ta ba ni abinci, na tsinci kaina ina raba shi uku.

Na buɗe shago jiya. Na sayi sabon almakashi, ba ya jin hannuna tukuna.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe ki da gajiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, ban san me zan ce ba sai Allah ya biya ki. Yaran lafiya. Dunƙule ya saba, shi dai duk wadda ta miƙa masa abinci Umma ce, har matar da ke share mana matakala. Sabon haƙorin Aku ya leƙo.

Na jinkirta amsa ne ina jira abin ya wuce da kansa. Bai wuce ba.

Yau mako biyar da tafiyarki, Aku ba ta kira ni ba. Ko Umman Wayar ma ta daina. Tana magana, ba ta fasa surutu ba, amma in tana son abu sai ta ja min hannun riga, ko ta zagayo gabana ta ce “ke”. Na ce baƙunta ce. Na canza aiki da wata don in riƙa ɗauko ta daga makaranta. Na saya mata keke. Na daure.

Shekaranjiya ina taje mata kai na kasa daurewa. Na ce, “Aku, me ya sa ba kya ce min Umma?” Ta ce, “So kike in faɗi?” Na ce faɗuwar me? Ta ce, “Wasan bai ƙare ba. Inna ta ce sai mun isa gida.”

Na ce mata nan ne gida. Na nuna mata gadonta, da sunanta da na liƙa a ƙofa. Ta ce ba ni na sa dokar ba, don haka ba ni zan cire ba. Da na leƙa ƙarƙashin gadon na ga 'yar jakarta ta tafiya a ɗaure. Akwatin maɓallai na ciki, da kwalin ashana, da alewa biyu da ta ɓoye saboda kunne. Yarinyar nan a ganinta har yanzu zango muke, Yaya. Jira take a kira jirgi.

Ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Ban san da wane baki zan roƙe ki ba. Na sa kin cire sunan daga kanki, ashe ba wanda zai tambaya ma, yanzu kuma ina so ki miƙo min shi da hannunki. Kar ki yi ta waya, in ta ji muryarki kuka za ta yi, ni ma haka. Ki rubuto, ta san rubutunki daga littafin awo.

Tambaya ɗaya, in kin ga dama ki amsa. Da kika ce mata gida, wanne kike nufi?

Auta

*

Auta,

Lafiya lau nake. Bayan ya ɗan lafa tunda ba mai hawa. Mai gyaran agogo yana gaishe da fasinjojinsa.

Kwana tara hoton takardarki na cikin wayata a kan keke. Na rubuta amsa uku na yage. A ta farko cewa na yi ban san wane gida nake nufi ba, magana ce ta fito ina zare allura. Ƙarya ce. Bakina ya ce gida, idona kuwa ɗakin bayan shago yake gani, da katifarsu a jingine. Na san ba za su dawo ba, ni na ɗaure akwatunan. Amma na bar wa kaina 'yar ƙofa, ban san yarinya za ta je ta tsaya a bakinta mako biyar da jaka ba. Wannan kam laifina ne, ba na yatsan kowa ba.

Na raba katifar jiya. Maƙwabciyata mai 'yan biyu ta ɗauka.

Ga takardarta a ƙasa. Ki zaunar da ita a cinyarki, ki bar ta ta ga rubutun, ke ki karanta. Ki riƙe wayar da kyau, ki kau da yatsanki. In ta kira ki, ki amsa nan take, ko tukunya na ƙonewa, ko kin makara aiki. Ba ta son a sa ta maimaita.

Kar ki rubuto min yadda aka yi. Kar ku kira ni wannan makon, ɗinki ya yi min yawa.

Yayarki

Aku,

Kin ci wasa. Ba ki faɗi ko sau ɗaya ba, har ranar da kika fasa haɓa. Mai hatimi ya ce bai taɓa ganin fasinja irinki ba.

Kun isa gida. Ki kwance jaka, ki shanye alewar, ba sauran jirgi.

Wadda take karanta miki wannan, juya ki kira ta.

Innarki